Ranar da Na Hau Rumbu

Ruwan kaka ba shi da mutunci. Na damina roƙonsa ake yi, in ya zo a yi masa maraba, amma wanda ke zuwa bayan an yanke hatsi ɓarna ce kawai ke kawo shi. A shekarar da nake magana, damina ta yi mana rowa daidai lokacin da gero ke fitar da kai, sai da aka soma girbi sannan sama ta tuna da mu. Da safe ka ga gari garau, kafin azahar hadari ya taso daga bayan duwatsun gabas yana gurnani. Wata rana ya zuba, wata rana ya watse bai ɗiga ko ɗigo ba. Duk ƙauyen wuyan kowa ya gaji da ɗaga kai.

Ni 'yar cikin garin Filinge ce. Mahaifina tela ne, gero a kasuwa muke awonsa tiya-tiya, kuma kowa a gidanmu ya san abin da ya rage, don buhun a ɗakin mahaifiyata yake jingine. Aure ya kai ni wani ƙauyen Kurfai da ke gindin dutse, inda na tarar da wata al'ada da ta tsaya mini a rai: mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Ba ta hawa, ba ta leƙawa, ba ta ma tambaya. Rumbunan can bayan gari aka jera su saboda tsoron gobara, manyan rumbunan ƙasa masu ƙaton ciki, bakinsu a sama, kowanne da jinkar ciyawa a kansa kamar malafa. Maigida shi ya san lokacin da hatsin daka zai ƙare. Ya je ya hau, ya ciro dami, ya kawo ya ajiye a ƙofar madafa. Naki ki sussuka, ki sheƙe, ki daka. Tun ina amarya na tambayi surukata dalili. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Idon mace in ya shiga rumbu, albarka hita takai." Na ce a raina, to idon nawa ɓera ne? Ban dai faɗa a fili ba, don lokacin da sauran kunyata.

Surukar tawa, wadda duk gidan muke kira Inna, tsohuwa ce gajeriya mai sanda, bakinta ya fi ƙafarta sauri. 'Yar birni take ce mini, ko da na haifa mata jikoki. Muna faɗa muna shiryawa, kuma in gaskiya za a faɗa ina son ta, sai dai ban taɓa bari ta sani ba.

A wannan shekarar hankalina bai kwanta ba. Na ga gonakin kusa da gari, na ga zangarniyar da ta tsaya ba tsaba. Amma babbar gonarmu tana can ƙetaren kori, wato rafin yashi, a gindin dutsen, inda ruwan da ke gangarowa yake ɗan kwanciya, kuma mu mata ba ma zuwa can. Duk lokacin da na yi zancen, maigida sai ya ce, "Gonar dutse ta ruhe muna asiri, ki kwantar da hankalinki." Mutum ne da ba ya yawan magana, ba ya kuma ƙarya, saboda haka na yarda. Amalanke na kwaso dammuna ta bayan gari ta sauke a rumbu, ba ta biyowa ta ƙofar gida.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Filinge ce. Gari ya waye tas, ko gizagizai babu. Maigida da ƙaninsa suka ɗaura wa jaki amalanke suka fita da sassafe kwaso sauran dammuna a gonar dutse. Ni da faccalata, matar ƙanin nasa, muna tsakar gida muna ɓarar wake. Cikinta ya tsufa, har tashi sai ta dafa bango. Bayan azahar na ji iska ta tsaya cak, irin tsayawar da kaji ke buɗe baki suna haki. Na ɗaga kai na ga saman dutse ya yi baƙi ƙirin, walƙiya na tsaga shi. A wajenmu kuwa rana ce ƙwal.

Ina kwashe shanya wayata ta yi ƙara. Maigida ne, muryarsa na zuwa tana yankewa, a bayansa ina jin wata irin ƙara kamar ta babbar mota.

"Kina ji na? An yi ruwa bisa dutse, kori ya kawo. Mun kasa ƙetarewa."

"Lahiyarku lau?"

"Lau muke. Rumbu na buɗe! Mun sauke jinka da sahe mun zuba, mun bar shi shi sha rana. Ki tahi maza ki samo namiji shi ruhe."

"Wane namiji? Yau kasuwa. Wanda bai tahi kasuwa ba shina nan tare da ku."

"Ki nemo dai. Amma kak ki hau, kin ji ko? Kak ki..."

Rezo, wato layin waya, ya ɗauke. Na sake kira, shiru.

Wanda bai san korin nan ba ba zai gane ba. Yashi ne busasshe, yara na wasa a ciki, amalanke na ratsa shi ba tare da jaki ya lura ba. Amma in aka yi ruwa a kan dutse, ko ɗigo bai sauka a gari ba, sai ka gan shi ya cika ya batse da jan ruwa yana jan itatuwa. Babu mai shiga sai wanda ya gaji da duniya. Kuma gero in ruwa ya same shi a cikin rumbun ƙasa, ba a shanya shi a ce an tsira. Ruwan ya kwanta a ƙasa, zafi ya tashi, na ƙasa ya ruɓe, na sama ya yi tsiro. Abincin shekararmu ke nan a buɗe yana kallon sama.

Na yar da kwandon shanya na fita ko takalmi ban tsaya nema ba. Gidan farko mata ne kawai. Gida na biyu haka. A ƙofar masallaci na tarar da tsofaffi biyu, ɗaya ba ya gani, ɗaya sai an kama shi yake tashi. A ƙarshen layi na hango maƙwabcinmu a kan rufin ɗakinsa yana jefo harawa ƙasa, matarsa na kwashewa. Na tsaya na roƙe shi don Allah don Annabi.

"Ga ni nan tahe," ya ce, bai ko waigo ba. "Bari in ida wagga."

Na dubi tulin harawar da ta rage a kan rufin, na dubi hadarin da ya riga ya cinye rabin sama. Raina ya ɓaci har na ji ɗaci a bakina. Na ce masa, "Allah shi ba awakinka lahiya," na juya. Daga baya ya ce na zage shi. Ni dai abin da na faɗa ke nan.

Na koma gida da gudu na ce wa faccalata ta taso. A ƙofa muka yi karo da Bafulatanar da ke kawo mana nono, doguwar mata mai ƙarfi, ta fake tana jiran hadari ya wuce kafin ta koma ruga. Na faɗa mata a taƙaice. Ta sauke ƙwaryarta a zaure ta bi mu. Inna ta fito daga ɗaki tana dogara sanda.

"Ina za ku?"

"Rumbu na buɗe, Inna."

"An samu namiji?"

"Ba a samu ba."

"To wa ka hawa?"

Na wuce. Ina jin sandarta a bayanmu tana bugun ƙasa, tana kira, "Ke 'yar birni! Ke nika wa magana!"

Kafin mu kai bayan gari iska ta iso. Ta zo da jan ƙasa da karmami, ta cika mana ido da baki, rana ta ɓace. Rumbunan mutane duk a rufe, namu kaɗai ke tsaye kai ba hula. Jinkar na ƙasa a gefensa, iska ta shiga ƙarƙashinta ta soma mirgina ta. Da ta tafi da ita cikin gonaki da shi ke nan. Bafulatanar ta ruga ta faɗa kanta, ta danne ta da jikinta duka har iskar ta ɗan lafa.

Na sha ganin yadda maza ke yi, daga nesa, in na je ɗiban itace. Mutum ɗaya ya hau ya riƙe igiyar da ke ɗaure a ƙoƙon jinka, na ƙasa su ɗaga da hannu, in ta wuce tsawonsu su tura da sanduna masu baki biyu, na sama ya ja ya daidaita ta. Na saman kuwa a cikin bakin rumbu yake tsayawa, ya taka dammunan, kana hango shi daga ƙugu zuwa sama. Ko tabarma za a shimfiɗa, ko leda, dole sai wani ya hau. Faccalata ba ta iya ko sunkuyawa. Bafulatanar ta girgiza kai tun kafin in tambaye ta, ta ce za ta ɗaga duk abin da aka ce ta ɗaga, amma ba ta hawa rumbun mutane.

Tsanin na jingine, gungumen itace ne da aka sassaƙa wa matakai. Na kwance ɗankwalina na yi ɗamara da shi, na tattare zani. Na sa ƙafa ke nan Inna ta iso tana haki, ta kama mini gefen zani.

"Sauko. Na ce ki sauko. Tun kakannin kakanni mace ba ta hau rumbun gidanga ba."

"Inna, sake ni."

"Mijinki ya ce ki hau?"

"Ya ce kar in hau."

"To?"

"To in ruwa ya shiga, al'ada za mu dama mu ba yara?"

Ban taɓa ɗaga mata murya irin ta ranar ba. Daidai nan aka yi wata tsawa da ta sa duk muka durƙusa. Na ji ta har cikin haƙorana. Ni kuwa duk duniya ba abin da nake tsoro kamar tsawa, tun ranar da na ga shanun da ta kashe a gindin gawo, suna kwance reras ba ko rauni a jikinsu. Ga shi ina shirin hawa abin da ya fi komai tsawo a filin. Da na ɗago, na ga Inna ta saki zanina. Ba ta ce in hau ba. Ta dai jingine sandarta, ta kama gindin tsanin da hannu biyu.

Na hau ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Jikin rumbu sulɓi ne, ba wurin kamawa, iska na tura ni gefe. Na riga na yanke a raina ba zan duba ciki ba. Zan rufe, in sauko, in ce wa maigida da Inna wallahi idona bai shiga ba, kowa ya huta. Da na kai sama na kau da fuskata wajen dutse, na dafa bakin rumbun, na jefa ƙafata ciki don in taka dammuna kamar yadda maza ke yi.

Ƙafata ba ta taka komai ba. Na tafi gaba ɗaya, sai da na rungume bakin rumbun da ƙirjina, ƙwaurina ya gurje a jikin ƙasar. Na ji faccalata ta yi salati a ƙasa. Ina rataye haka, kaina a ciki, walƙiya ta haska.

Can ƙasa na hango hatsin. Dammuna ne a jere da kyau, yadda maigida ke jera komai nasa, amma ko rabin rumbun ba su kai ba. Mutum zai tsaya a kansu ya miƙa hannu bai taɓo baki ba. Kuma na san abin da ya rage a gona bai wuce abin da amalanke za ta ɗauko a sahu ɗaya ba, don shi da bakinsa ya ce yau za su gama. Na daka hatsi shekara da shekaru, na san abin da gidanmu ke ci. Wannan ba zai kai mu zafin bazara ba, balle wata damina.

Ba ni da lokacin yin komai da abin da na gani. Ɗigon farko ya faɗo mini a ƙeya, ƙato, mai sanyi. Na ja jikina na fito, na zauna a kafaɗar rumbun na maƙale shi da cinyoyina, na ce su jefo igiya. Sau nawa Bafulatanar ta jefa iska na kaucewa da ita ban sani ba, daga ƙarshe dai na cafe. Suka ɗaga. Jinkar nan da ake gani kamar ba komai, nauyi ne da ita. Ta taso har rabin rumbu, iska ta buge ta, ta zame ta koma ƙasa, igiyar ta ƙone mini tafin hannu.

"Ku sake!" na ce. "Ku sa sanduna!"

Faccalata ta dafe mararta ta sunkuya. Na ce ta bari, ta koma gefe ta zauna. Saura mutum ɗaya a ƙasa, kuma mutum ɗaya ba ya ɗaga jinka. Ruwa ya soma sauka da gaske, ina jin ƙararsa a kan dammunan da ke ciki, tas, tas, tas. Wannan ƙarar har yau in na tuna ta sai tsigar jikina ta tashi.

Sai na ga Inna ta saki tsani. Tsohuwar da ba ta zuwa rijiya saboda gwiwa ta ɗauki sanda mai baki biyu, ta soka a ƙarƙashin jinkar, ta tokare gindin sandar a cikinta. Ta ce wa Bafulatanar, "Ɗaga, ɗiyata." Ta ɗago kai ta daka mini tsawa, ruwa na zuba a fuskarta: "Ke kuma ja! Mi kika jira?"

Na ja. Na naɗe igiyar a hannu na kwanta baya har na ji kamar kafaɗata za ta fita. Jinkar ta taho tana gogar jikin rumbu, ta tsaya, ta sake tahowa. Da gefenta ya hau baki na saki igiya na kama ciyawar da hannu biyu, na murza ta, na ja da baya a kan kafaɗar rumbun har ta zauna daram. Na zagaya da igiyar na ɗaure a turakun da ke jiki. Ƙarar ruwan ta koma kan ciyawa.

Yadda na sauko ban sani ba. Na dai ga kaina a ƙasa, jiƙe sharkaf, jini na bin ƙwaurina. Tsoron tsawa ya riga ya tafi. Haushi ne ya cika ni. Mutumin nan ya dube ni ido cikin ido ya ce gonar dutse ta rufa mana asiri, ni kuwa ina ta tuƙa tuwo malmala-malmala, har ina aika wa maƙwabta. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta matso ta kama hannuna ta matse. Ba ta tambaye ni me na gani ba. Ta sa bakinta kusa da kunnena ta ce, "Gyara huskarki. Ga mai ciki can tana kallonki."

Na dube ta. Ita ba ta dube ni ba, tana neman sandarta a cikin laka. Na shafe fuskata da hannu, na je na kama faccalata na tashe ta. Ta ce, "Yaya, ruwa ya shiga da yawa?" Na ce kaɗan ne, ba zai yi komai ba. Ta ce, "Ya cika ko?" Na ce, "Alhamdu lillahi." Muka taho gida a hankali cikin ruwan, Bafulatanar na riƙe da Inna. A hanya muka haɗu da maƙwabcin nan ya lulluɓa da buhu, wai ga shi ya zo.

Sai dab da magariba kori ya janye, maigida da ƙaninsa suka samu ƙetarowa. Na san ta bayan gari maigida ya fara bi, don da ya shigo bai tambayi ko an rufe ba. Ya tsaya a tsakar gida, laka har gwiwa.

"Wa ya ruhe?"

Inna ta amsa daga ƙofar ɗakinta. "Mu munka ɗaga."

"Wa ya hau?"

"Ruwa ya shiga, ko bai shiga ba?" in ji Inna.

Idonsa ya sauka a kan ƙwaurina da na ɗaure da tsumma, ya koma kan hannuna. Na shirya masa magana tun la'asar, na jera ta tsaf, mai zafi. Amma da na ga yadda ya sunkuyar da kai, babban mutum a gaban uwarsa da matarsa, kamar wanda aka tuɓe a kasuwa, sai maganar ta ƙi fitowa. Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da na ji tausayin. Na ɗauko masa ruwan wanka na ajiye. Faccalata ta kwana lafiya, bayan 'yan makonni ta sauka lafiya.

Washegari na rage awo. Na ƙara ganyen tafasa a miya, na sa wake ya yi yawa, furar rana na tsinka ta. Yara suka yi ƙorafi na ce hannuna ne ke ciwo, ba na iya daka da yawa. Har ranar da a lissafin maigida hatsin daka ya kamata ya ƙare ta zo. Na gan shi ya shigo da dami a ka, ya nufo ƙofar madafa kamar kullum. Kafin ya sauke na ce, "Maida shi. Da saura."

Ya tsaya da damin a kansa. Ya dubi ƙwaryar tsaba da ke gefena, ya ga da sauran kuwa, ya kuma san yadda aka yi ta yi saura. Ya juya ya fita, ina kallon bayansa har ya sha kwana ya nufi bayan gari. Nan hawayen da ban yi a kan rumbu ba suka zo, na sunkuya ina hura wutar da ta riga ta kama.

Inna ta leƙo daga ɗakinta.

"'Yar birni."

"Na'am, Inna."

"Daga yau ki daina sa min tuwon dare. Nauyi shikai min. Kunu ya isa."